Tankin Kifi a Saman Bene: Lissafin da Bidiyon TikTok Ba Ya Nunawa

Duk wanda ya tsaya ya kalli bidiyon kifi sau biyu ko uku a TikTok ko YouTube ya san abin da ke biyo baya. Manhajar za ta shiga jero masa irinsu ba ƙaƙƙautawa: wani ya mayar da bangon falonsa akwatin gilashi cike da kifayen ado masu launi-launi, wani yana kiwon tarwaɗa a cikin tamfol a saman rufin gidansa, wani kuma yana lissafa ribar da ya ce ya samu cikin wata huɗu. Matashin da ke Anka ko Gummi ko Bukkuyum, wanda tsakar gidansu ta riga ta cika da mutane da awaki da murhu, idan ya hau saman dekin ya gan shi fayau, ba abin mamaki ba ne ya ce ai ga fili nan yana zaman banza.

Sha'awar ba ta da aibu. Mutanen da ke zaune a gaɓar Gulbin Zamfara ba baƙin kifi ba ne, kuma a lokacin da rashin tsaro ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa, ya kuma tattaro mazauna ƙauyuka cikin garuruwa, duk sana'ar da za a iya yi a cikin gida abar maraba ce. Sai dai akwai abu ɗaya da kyamara ba ta iya ɗauka, shi ne nauyi. Ruwa a bidiyo yana da kyan gani kamar bai kai komai ba, alhali yana cikin kaya mafi nauyi da mutum zai iya shigarwa ɗakinsa. Saboda haka babban akwatin kifi da tankin kiwo wurinsu ƙasa ne. Wanda ya nace sai ya hau da su sama, injiniyan da ya zo ya duba ginin da idonsa ne kaɗai ke da hurumin ba shi izini.

Lita ɗaya, kilo ɗaya

Lissafin bai kai wahalar saita sabuwar waya ba. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 25 tana da kilo 25, duro mai lita 200 yana da kilo 200, tankin roba mai lita 1,000 irin na GeePee kuwa tan ɗaya ne cif idan ya cika. Tunda buhun siminti kilo 50 ne, wannan tankin daidai yake da buhu 20 da aka jibge a wuri ɗaya.

Don sanin ruwan da akwati mai kusurwa huɗu zai ci, sai a auna tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa da santimita, a ninka ukun a kalkuletar waya, sannan a raba da 1,000. Amsar ita ce yawan litar, kuma ita ce yawan kilon. Akwatin da ke da tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 50, zai ci lita 270. Idan aka haɗa da nauyin gilashin kansa da yashin da ake shimfiɗawa a ƙasansa da duwatsun ado da teburin da zai zauna a kai, zai haura kilo 350, wato buhun siminti bakwai. Babban akwati mai tsawon 180, faɗi 60, zurfi 60, zai ci lita 648. Gilashi mai kaurin milimita 12 da ake yi masa amfani da shi yana da kilo 30 a kowane murabba'in mita, don haka gilashin kaɗai ya kusa kilo 120. Da yashi da tebur, jimillar za ta tasam ma kilo 900, buhu 18 ke nan.

Tankin tamfol na kiwon tarwaɗa ya fi su duka. Mai tsawon mita uku da faɗin mita biyu, idan aka zuba masa ruwa zurfin santimita 80, lita 4,800 ya sha. Buhun siminti 96 ke nan, ko kuma a ce kusan ƙananan motoci huɗu irin Golf. Babu mai hankalin da zai yarda a ajiye masa Golf huɗu a saman ɗakin da mahaifiyarsa ke kwana, amma da yake da tiyo ake cika tankin, sannu a hankali, babu wanda ke jin nauyin a kafaɗarsa.

Akwai wata gajeriyar hanya da ya kamata kowa ya haddace. Kowane santimita ɗaya na zurfin ruwa yana ɗora kilo 10 a kan kowane murabba'in mita, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, kusan girman ƙaramar tabarma. Zurfin santimita 50 yana nufin kilo 500 a wannan ɗan filin, zurfin mita ɗaya kuma tan guda. Faɗin tankin ba ya canza wannan adadin, zurfin ne ke faɗin yadda ake danne kowane yanki na dekin.

Nawa dekin yake iya ɗauka?

Injiniyoyi da yawa a Najeriya suna aiki da ƙa'idojin gini na Birtaniya, irin su BS 8110 na kankare da BS 6399 na nauyin da ake sa ran gini zai ɗauka. Ta biyun ta ware wa ɗakin gidan zama kusan kilo 150 a kowane murabba'in mita, ban da nauyin dekin ɗin kansa. Ƙa'idar ƙasashen Turai tana tsakanin kilo 150 da 200, ta Amurka kuma kusan kilo 195 ce a falo. Idan aka mayar da adadin Birtaniya zuwa ruwa, zurfin santimita 15 ne kawai a duk faɗin ɗaki, bai ko kai tsawon wayar hannu ta zamani ba.

Adalci shi ne a bayyana cewa wannan adadi matsakaici ne na ɗaki gaba ɗaya. Ba yana nufin da zarar kilo 151 ya hau wuri ɗaya sai dekin ya karye ba. Kankare mai rodi yana rarraba nauyi zuwa gefe da gefe, shi ya sa katuwar sif cike da kaya ko firji ba sa kawo matsala. Ɗaki mai mita huɗu a tsaye da huɗu a kwance an yi masa lissafin kilo 2,400 ne baki ɗaya. Akwatin lita 270 da aka jingina da bango mai ɗauke da gini, a gidan da aka gina bisa ƙa'ida, ya ci kaso kaɗan ne daga wannan. Akwatin kilo 900 kuwa ya cinye fiye da kashi ɗaya bisa uku a kan fili da bai wuce murabba'in mita ɗaya da ɗoriya ba. Tankin tamfol mai lita 4,800 ya ninka kason ɗakin gaba ɗaya sau biyu, kuma a kan ƙasa da rabin filin.

Sannan duk wannan lissafi na gidan da injiniya ya zana ne, aka kuma bi zanen. Tambayar da ya kamata matashi ya yi wa kansa ita ce: wa ya zana benen gidansu? A garuruwa irin Anka da Gummi da Nasarawar Burkullu, kamar sauran garuruwan Arewa, gini da yawa tsakanin mai gida da birkila ake ƙare shi. Ana yi ana hutawa gwargwadon abin da aljihu ya samu, wani lokaci ɗaki ɗaya a shekara. Idan siminti ya yi tsada sai a ƙara yashi, idan rodi ya yi tsada sai a buɗa tazararsa ko a sayi siriri. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa a kwanakin farko, amma sau da yawa ana gaggawar cire katakon da ya tokare shi don a mayar wa mai haya. Bayan an yi filasta da fenti, babu idon da zai bambance dekin mai kyau da wanda aka yi wa ha'inci. Masu zuwa sayen waya a Kano ba su manta benen da ake ginawa ba, wanda ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a watan Agustan 2022, a tsakiyar birnin da ke da injiniyoyi da hukumomin gini.

"Ai ga tankuna nan a saman gidaje ba su faɗo ba"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ji, kuma tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Tankunan ruwa da yawa suna zaune lafiya a saman gidaje. Wanda ya duba da kyau zai ga yawancin masu zaman lafiyar an ɗora su ne daidai kan ginshiƙi, ko inda bango biyu suka haɗu, ko a kan dogon ƙarfe mai nasa tushen daban a ƙasa. A irin waɗannan wuraren nauyin yana bin ginshiƙi ya sauka kai tsaye cikin ƙasa. Tsakiyar dekin kuwa babu komai a ƙarƙashinta sai iska da mutanen da ke kwance.

Hujja ta biyu ita ce ta ranar suna ko ɗaurin aure: ai mutum 20 sun taru a ɗakin sama ba abin da ya faru. A lissafa. Mutum 20 masu kilo 65 kowanne sun tashi kilo 1,300. An rarraba su a murabba'in mita 16, kowane yanki ya samu kusan kilo 80, kuma bayan awa biyu sun watse. Akwatin kifi yana ɗora ninkin wannan sau takwas ko goma a wuri ɗaya, dare da rana, shekara da shekaru. Kankare da aka danne na dogon lokaci yana lanƙwasawa kaɗan-kaɗan, ta yadda dekin da ya ɗauki tanki a makon farko ba tare da wata alama ba zai iya nuna tsaga bayan shekara biyu.

Wasu kuma za su ce ai injiniyoyi suna barin rara a lissafinsu. Haka ne, a BS 8110 ana ninka nauyin kayan ɗaki da 1.6, na ginin kansa da 1.4. Amma an bar rarar ce saboda kurakuran da ba makawa a aikin gini, kamar siminti da ya sha iska ko rodin da ya ɗan goce daga wurinsa. A gidan da aka riga aka rage kayan aiki, mai yiwuwa an cinye rarar tun ranar da aka zuba dekin.

Abin da ya faru a birnin Sol na Koriya ta Kudu ya isa darasi kan ɗora wa gini abin da ba a zana shi dominsa ba. Katafaren kantin Sampoong an ƙara masa hawa na biyar da babu shi a tsarin farko, aka ɗora manyan na'urorin sanyaya ɗaki masu nauyin tan-tan a rufinsa, daga baya aka ja su a kan rufin zuwa wani gefe. Ginin ya yi shekara biyar ana ciniki a cikinsa. An ga tsaga a hawan sama watanni kafin lokacin, an kuma ga ta buɗe da safiyar ranar, amma ba a fitar da masu sayayya ba. Ranar 29 ga Yunin 1995 ya rufta, mutum 502 suka mutu. Shekara biyar ɗin da ya yi a tsaye ba ta zama shaidar lafiyarsa ba.

Soro da azara

Gidaje da yawa a yammacin Zamfara na ƙasa ne, soro ko shigifa mai rufin azara da aka daɓe da ƙasa. Magina na da sun san iyakar kayansu sarai. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta tsallake fiye da kusan mita biyu ba tare da tallafi ba. Shi ya sa ɗakunan ƙasa suke da ƙanƙanta, shi ya sa kuma idan ana son babban zaure sai an yi ɗaurin guga ko an tsayar da ginshiƙi. Wannan rufin ya riga ya ɗauki nauyin ƙasar da aka daɓe a kansa, ba a yi shi don wani ƙarin kaya ba.

Babban abokin gabar ginin ƙasa kuwa ruwa ne. Duk tsohon da ya tashi a gidan soro ya san kafin damina ta sauka sai an gyara yaɓe, an share indararo. Dalilin shi ne idan indararo ya toshe, ruwan santimita 10 ya kwanta a rufi, an ƙara wa kowane murabba'in mita kilo 100, kuma a daidai lokacin da ƙasar ke jiƙewa tana rasa ƙarfinta. Mutanen Gummi sun ga abin da ruwa ke yi wa katangar ƙasa a ambaliyar watan Agustan 2024, wadda ta rusa gidaje masu yawa a garin. Tankin kifi a kan soro haɗa waɗannan masifu biyu ne da hannun mutum: ga nauyi, ga yoyo da fantsamar ruwa kullum a wuri ɗaya.

Ginin ƙasa kuma ba ya ba da dogon wa'adi. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta ranar 11 ga Agustan 2023 ana cikin sallar La'asar, masallata da dama suka rasu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa kwana ɗaya kafin nan aka lura da tsaga a ginin, ana shirin kawo masu gyara. Ba wani kaya aka ɗora masa ba, amma tazarar da ke tsakanin ganin tsaga da ruftawa ita ce abin lura. A kan rufin azara, duk abin da ya wuce bokiti bai kamata ya kwana ba.

Abin da waya ba ta gani

Yanzu matashi ba ya jiran kowa. Zai buɗe ChatGPT ko Gemini ko Meta AI da ke cikin WhatsApp ya tambaya ko benensu zai ɗauki tanki, a ba shi amsa doguwa mai tsari cikin daƙiƙa biyar. Waɗannan manhajoji suna da amfani wajen tuna dabarar lissafi da bayanin kalmomi. Amma ba su san kaurin dekin gidan ba, ba su san ko rodi mai milimita 12 aka saka ko mai 8 ba, ba su san buhu nawa aka zuba wa tifa ɗaya ta yashi ba. Manhaja tana aiki ne da abin da aka ba ta, kuma a nan abin da ya fi muhimmanci yana binne a cikin kankare. Hoton ɗaki da aka tura mata fenti da tayil kawai yake nunawa.

Bugu da ƙari, yawancin abin da aka rubuta a intanet kan akwatin kifi a saman bene daga Amurka da Ingila yake, inda ake yin benen gidaje da katako. Shawarwarinsu sun ta'allaƙa ne kan jerin katakan da ke ƙarƙashin daɓe, waɗanda ake jerawa da tazarar kusan santimita 40, an kuma san nau'insu da ƙarfinsu. Wanda ya kwaso wannan ya ɗora a kan dekin da birkila ya zuba da ido, ya ɗauki maganin wani ciwo ya sha wa wani.

Hatta ma'aunin yana ruɗarwa. Bidiyon Amurka da galan suke magana, kuma galan ɗinsu lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5. Akwatin da suke kira mai galan 55, wanda a wurinsu matsakaici ne, lita 208 ne, wato duro guda cike. Mai galan 125 kuwa lita 473 ne. Wanda ya ji lambar 55 ya ɗauka ƙaramin abu ne, ya riga ya ɓata lissafi tun kafin ya fara.

Waya idan ma'ajiyarta ta cika tana sanarwa, idan ta yi zafi tana rage gudu ko ta kashe kanta. Wanda ya saba da na'urori masu gargaɗi yana iya ɗauka komai haka yake. Gargaɗin dekin ɗan siririn layi ne a silin, sau da yawa a ɗakin wani, ba a ɗakin mai tankin ba.

Baranda da sauran kayan zamani

Wurin da ya fi jan hankalin mai son ajiye tanki shi ne baranda, saboda akwai iska kuma zubar da ruwa ba wuya. Shi ne kuma wuri mafi haɗari. Barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, gefe ɗaya kawai take riƙe, kamar mutum ya miƙa hannu ya ɗauki bokiti. Rodinta mai riƙe nauyi a saman kankaren ya kamata ya kasance, kuma idan leburori suka tattake shi ya nutse ƙasa ranar zubi, ƙarfinta ya ragu ƙwarai ba tare da kowa ya sani ba. Idan ta tashi karyewa, ba ta da inda za ta jingina.

Yoyo ma yana da nasa aikin a hankali. Ruwan da ke ratsa kankare yana isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa. Tsatsa tana kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sai ta fasa kankaren daga ciki, ruwa ya ƙara samun hanya. Jan tabo a silin ko ɓawon kankare da ya faɗo ya bar rodi a fili alamar wannan ce.

Kuma tanki ba ya zuwa shi kaɗai. Kifi yana son famfon ruwa da na'urar ba da iska, su kuma suna son wutar da ba ta yankewa, abin da ke kai mutum ga sola. Babban batir mai ruwa na 200Ah yana haura kilo 50, huɗu sun wuce kilo 200, kuma yawanci kusa da tankin ake jera su. Ga haɗarin haɗuwar ruwa da wuta. Ko dekin bai gaza ba, gilashi yana iya gazawa. A Balin ta Jamus, ranar 16 ga Disambar 2022, katafaren akwatin kifi na AquaDom da ke cikin wani otal ya fashe da asuba, ruwa lita miliyan ɗaya da kifaye kusan 1,500 suka kwararo har kan titi, duk da ƙwararru ne suka ƙera shi. A gida, lita 648 idan ta zube a ɗaki mai murabba'in mita 16 za ta kwanta zurfin santimita huɗu, daidai inda soket ɗin cajin waya yake yashe a ƙasa, kafin ta bi matakala da silin ta sauka wa na ƙasa.

Kifin ma ya fi son ƙasa

Ko da an ajiye batun rushewa gefe, saman dekin a Zamfara ba wurin kifi ba ne. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kankare kuma yana riƙe zafi har cikin dare. Tarwaɗa ta fi girma a ruwan da ke tsakanin digiri 26 da 30, kuma ruwa idan ya yi zafi iskar da kifi ke shaƙa a cikinsa tana raguwa. Kiwo yana buƙatar canjin ruwa a kai a kai. A sama, kowace lita sai an biya kuɗin fetur ko wuta an tura ta, ko an hau da ita a ka. Ruwan da aka zubar kuma, mai ƙarni, ta indararo zai bi ya sauka a jikin katangar maƙwabci. A ƙasa, ƙarƙashin inuwar darbejiya ko rumfa, ruwan ya fi sanyi, kuma wanda aka canza ana iya juya shi ga ɗan lambun alayyahu ko zogale.

Abin da ya kamata a yi

Ƙaramin akwatin da bai wuce lita 100 ba, wanda duka-duka nauyinsa bai fi na manya biyu ba, ba abin damuwa ba ne a kan dekin kankare mai lafiya, idan an ajiye shi a jikin bango. Daga nan zuwa lita 250, a tabbatar bangon da aka jingina shi yana da wani bango ko ginshiƙi daidai ƙarƙashinsa a hawan ƙasa, kuma gidan injiniya ne ya zana shi. Duk abin da ya haura haka, ko dai ya sauka ƙasa ko a kira injiniyan gini. Tankin kiwo na tamfol ko na bulo kuwa ƙasa kawai. Tankin ruwan sha, idan ana son ya yi sama don ruwa ya sauko da ƙarfi, a sa mai walda ya yi masa ƙarfensa daban mai tushen kankare.

Injiniyan da ake nufi shi ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970, kuma ba rashin kunya ba ne a tambaye shi lambar rajistarsa. Sashen ayyuka na ƙaramar hukuma wuri ne da za a fara tambaya, haka ma kwalejojin kimiyya da fasaha da ke Talata Mafara da Ƙaurar Namoda. Birkila ya san aikinsa, kuma shi ne zai iya faɗin irin rodin da aka saka idan shi ya yi ginin, amma lissafin nauyi fanni ne daban. Kuɗin kawo injiniya bai kai na akwatin da kifayen da famfon ba. Ɗan haya kuma ya sani cewa ba shi da ikon yanke wannan hukunci shi kaɗai, sai da sanin mai gida da mutanen da ke ƙasa.

A kula da ƙafafun tebur. Kilo 900 a kan ƙafa huɗu yana nufin kowace ƙafa tana danna kilo 225 a wuri mai girman kwalin ashana. Shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashi yana hana tayil fashewa, amma ba ya rage ko kilo ɗaya daga abin da dekin ke ɗauke da shi.

A nan ne waya za ta yi aikin da ta iya. Bayan kalkuleta, akwai manhajojin auna daidaito, iPhone tana zuwa da tata, a Android kuma ana saukewa kyauta. A auna wurin kafin a cika, a sake aunawa duk wata. Shi kansa layin ruwan da ke cikin akwati ma'auni ne: idan da yana daidai yanzu ya karkata, wani abu ya motsa. A ɗauki hoton silin ɗin da ke ƙasa tun ranar farko. Idan tsaga ta bayyana, a yi wa bakinta biyu alama da fensir, a ɗora tsinken ashana a gefenta a ɗauki hoto, wayar za ta ajiye kwanan wata. Idan ta wuce alamar, ko ƙofar ɗakin ƙasa ta fara cijewa, ko filasta ya fara zubowa, a fitar da mutane daga ƙarƙashi tukuna, sannan a zuƙe ruwan da tiyo, kafin a shiga neman shawara a WhatsApp.

Wannan yanki ya taɓa biyan farashi mai tsanani kan sana'ar da aka shigo da ita cikin gida ba tare da sanin haɗarinta ba. A 2010, niƙan duwatsun zinariya a tsakar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Bagega a ƙaramar hukumar Anka da Yargalma a Bukkuyum ya watsa gubar dalma da ta kashe yara sama da 400. Iyayen nan abinci suke nema wa iyalansu, kuma babu wanda ya gaya musu abin da ke cikin ƙurar. Girman abin ba ɗaya ba ne da batun tanki, amma waɗanda ke cikin haɗarin iri ɗaya ne: ƙananan yara da mata da tsofaffi, masu wuni da kwana a ɗakunan ƙasa, waɗanda ba a yi shawara da su ba. Nauyin ruwa kuwa ba ɓoyayyen abu ba ne. Duk mai waya yana da abin auna shi a aljihunsa, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.